Wa Zai Yi Kukan Yoyon Makarantar Gwamnati?

Akwai tambayar da take tasowa a Garwa duk watan Satumba, lokacin komawa makaranta, kuma na lura mutane kan amsa ta da aljihunsu kafin su amsa ta da bakinsu. Tambayar ita ce: shin daidai ne ilimin yaro ya rataya a kan abin da ubansa zai iya biya? Ka jefa ta a majalisa, kowa zai ce sam bai dace ba. Gari na wayewa, wanda yake da hali zai kama hannun ɗansa ya kai shi makarantar kuɗi. Ni ban kira wannan munafunci ba, domin son ɗa ba laifi ba ne. Sai dai tsakanin maganar da aikin akwai wani haƙƙi da yake zubewa, shi nake so mu bincika.

Mu fara da abin da hukuma ta faɗa. A watan Fabrairun 2000 Shugaba Paul Biya ya sanar da soke kuɗin makaranta a firamaren gwamnati. Jihohin Arewa, Arewa Mai Nisa, Adamawa da Gabas kuma suna cikin yankunan da aka ce za a ba su fifiko a harkar ilimi, saboda an bar su a baya. A takarda ke nan. Wanda ya leƙa ƙauyukan Lagdo, Bibemi ko Tuboro zai tarar da makarantun da gwamnati ta turo musu malami ɗaya ko biyu, sauran azuzuwan kuma suna hannun waɗanda ake kira malaman iyaye. Ƙungiyar iyaye da malamai ce take ɗaukarsu, ta yanka wa kowane gida abin da zai bayar, da shi ake biyansu, in an samu.

Ashe ke nan babban mai zuba kuɗinsa a ilimi a arewacin Kamaru shi ne manomin da bai da komai. Shi yake biyan malami, shi yake kafa rumfar zana idan babu aji. Kuma ana neman kuɗin ne a Satumba, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, ba a kai ga girbi ba, balle a ce kamfanin SODECOTON ya sayi auduga. Idan 'ya'ya huɗu ne kuma kuɗin na biyu ne, mai karatu ya san waɗanda za a zaɓa, ya kuma san cewa sau da yawa 'yan matan ne za su zauna a gida.

To, masu makarantun kuɗi fa? Adalci ya sa in faɗi alherinsu. Tarihin yankin nan ya nuna cewa sau da dama su ne suka isa inda hukuma ba ta isa ba. Limaman Katolika da suka shigo arewa a 1946 tare da Yves Plumey sun buɗe makarantu, cikinsu har da kwalejin Mazenod ta Gaundare, 'yan mishan na Lutheran ma suka yi nasu. Simon Mpeke, wanda aka fi sani da Baba Simon, ya baro kudu a 1959 ya zauna a Tokombere, yana bin duwatsu a ƙasa yana lallashin iyaye su ba da 'ya'yansu karatu, har ya rasu a 1975. A ɓangaren Musulmi, makarantun da suka haɗa Faransanci da Larabci, waɗanda ƙungiyar ACIC ta fara yaɗawa tun shekarun 1960, sun kwantar da hankalin iyaye masu tsoron boko zai raba ɗansu da addini. Yara nawa ne da ba su taɓa zama a aji ba in ba don waɗannan ba?

Karɓar lada a kan koyarwa kuwa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Mun taso mun tarar da kuɗin Laraba a makarantar allo. Amma a lura da yadda abin yake: kowa yana kawo gwargwadon ƙarfinsa, kuma abin kunya ne a ji malam ya kori maraya don bai kawo ba. Ɗan attajiri da ɗan mai faskare tabarma ɗaya suke zama. Wannan shi ne ma'aunin da nake auna kowace makaranta da shi: wa ta bari a waje, kuma ta damu da shi?

Da wannan ma'auni makarantu masu zaman kansu suka kasu biyu. Akwai wadda aka gina don a nemo wanda aka manta da shi. Akwai kuma wadda aka gina a inda masu biya suke. Ta biyun ban zarge ta ba, ɗan kasuwa ba ya kasa kayansa inda babu mai saye. Abin da nake cewa shi ne kada mu sa ran za ta yi aikin da ba don shi aka yi ta ba. Kasuwa ba za ta bi ɗan Mbororo ruga ba. Ba za ta nemo yaron da rikicin Boko Haram ya koro iyayensa daga kan iyaka ba. Ba za ta je kotu ta nemo wa yaro takardar haihuwa ba, alhali rashin takardar nan kaɗai yana hana yara da yawa zana jarrabawar CEP bayan sun shekara shida a aji. Makaho da kurma kuwa koyar da su ya fi tsada, ribarsa kaɗan ce.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Lokacin da ɗan likita, ɗan alƙali da ɗan babban ɗan kasuwa suke zama a makarantar gwamnati, idan malami ya yi wata bai zo ba, akwai uban da zai taka har ofis a saurare shi. Ahmadu Ahidjo kansa, wanda aka haifa a Garwa a 1924, daga makarantar hukuma ta garin nan ya fara boko. Duk ranar da mai hali ya cire ɗansa, yana tafiya da abin da ya fi kuɗinsa amfani ga makarantar, wato muryarsa. Sai a bar ajin da 'ya'yan waɗanda ba su iya rubuta takardar koke ba, ba su kuma san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa ba. Babu wanda ya yi niyyar cutar da su, kowa ɗansa ya ceta, amma a ƙarshe su ne suka cutu.

Wani zai ce, to in bar ɗana ya lalace a ajin da malami ba ya iya kai ido ƙarshensa, don kawai in nuna kishi? A'a. Ɗanka amana ne, ka kai shi inda ka ga zai samu. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɗauka rasit ɗin makarantar kuɗi ya sauke wa mutum nauyin ɗan maƙwabcinsa. Ka cire ɗanka, amma ka bar muryarka. Ka halarci taron makarantar unguwa ko da ba ka da ɗa a cikinta. Ka tambayi magajin gari da ɗan majalisa malamai nawa aka turo bana. Ka raka maƙwabcinka ya yi wa jaririnsa rajista tun wa'adi bai wuce ba.

Mai makaranta ma da nasa. Dokar 2004 da ta tsara makarantu masu zaman kansu a Kamaru ta ba shi damar aiki, gwamnati kuma tana ba wasunsu tallafi daga baitulmali. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Wanda ya karɓi dukiyar jama'a, ya kamata a ga gurabe a ajinsa na marayu da marasa ƙarfi, a kuma ga yana biyan malamansa abin da zai riƙe su.

Nauyi mafi girma kuwa na hukuma ne. A Fabrairun 2019 masana sun amince da wasu ƙa'idoji a Abijan, waɗanda jigonsu shi ne dole gwamnati ta samar da ilimi kyauta mai inganci ga kowa, ta sa ido a kan masu zaman kansu, kuma yawansu bai zama uzurin janye hannunta ba. Ina tare da wannan. Yawan allunan makarantun kuɗi a titunan Garwa ba ya gaya mana halin da ilimi yake ciki a yankin. Wanda yake son sani, ya je ƙauyen da manomi ya sayar da akuyarsa don ya biya malamin makarantar da aka ce kyauta ce, ya tambaye shi 'ya'yansa nawa suka rage a gida.