Biyayya Da Iyakarta

Hausawa suna cewa bin na gaba bin Allah ne. To, amma idan na gaba ya matsa wa na baya har numfashi ya gagare shi, na baya kuwa ya yi tutsu, laifin wane ne? Wani wasan sinima na ƙasar Japan ya ta da wannan magana.

Ma'anar sunan wasan da Hausa ita ce "Yaƙinmu Na Kwana Bakwai". An nuna shi a 1988. Hiroshi Sugawara ne ya shirya shi daga littafin Osamu Soda na 1985. Labarin waɗansu 'yan makarantar midil ne waɗanda dokoki suka ƙuntata wa. Malamai suna binciken tufafinsu da gashin kansu, iyaye kuwa ba su kula da kome sai cin jarrabawa. Da tura ta kai bango, sai yaran suka shige wata tsohuwar masana'anta suka garƙame ƙofa. Malamai suka zo, 'yan sanda suka zo, yaran suka yi ta korarsu da dabaru.

Mai kallo yana iya cewa wannan tatsuniya ce kurum. Amma a 1990, a birnin Kobe na Japan ɗin, wani malami ya turo ƙofar makaranta ta ƙarfe don ya tsare makararru, ta matse wata yarinya 'yar shekara 15, ta mutu. An kafa dokar sammako don amfanin yara, sai ga shi an tsare dokar, an rasa yarinyar.

Wannan bai wanke tawaye ba. Yaro bai san wuta ba sai ya taka, kuma ba wanda zai girma a bayan garƙamammiyar ƙofa. Lalle icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma wanda ya tanƙwara da ƙarfin tsiya karya shi zai yi.

Saboda haka kaso mafi girma na laifin yana wuyan babba, don shi ke riƙe da iko. Uba ko malami, in ya kafa doka, ya kamata ya iya faɗin dalilinta, ya kuma saurari kukan wanda aka ɗora wa. Yaron da aka saurara a zaure ba ya bukatar wurin ɓuya.