Sanyin Da Ya Durƙusar Da Texas



Har yau ina tuna guguwar ƙanƙarar da ta afka wa jihar Texas ta Amurka a Fabrairun 2021. Jiha ce mai arzikin mai da gas, amma bututun gas suka daskare, tashoshin lantarki suka tsaya, gidaje sama da miliyan 4 suka kwana a duhu. Fiye da mutum 200 suka mutu. Wasu sanyi ya kashe su a ɗakunansu, wasu suka tada mota a gareji don su ji ɗumi, hayaƙi ya yi ajalinsu.

Wallahi abin ya tsaya mini a rai. Manzon Allah (SAW) idan iska ta taso, fuskarsa kan canza, ya roƙi alherinta, ya nemi tsari daga sharrinta. Mu kuwa waya muke ɗaukowa mu yi bidiyo.

Mu ma ga hunturu ya kama. Kada a kwana da kaskon garwashi a rufaffen ɗaki, hayaƙin nan ɗaya ne. Mai bargo biyu kuma ya leƙa zaure, akwai almajirin da ke kwana da riga ɗaya.

Allah Ya kare mu, amin.