Shirun Bakanike, Ƙarya Ne?

Motocin gwanjo masu yawa suna sauka a tashar jiragen ruwa ta Lome daga Turai, kuma a zafin garin nan, gyaran na'urar sanyaya mota sana'a ce mai ci. A ce wani ya kai motarsa gareji a Avedji, ya ce, "Maigida, kwamfaresa tana ƙara, canza mini ita."

Bakanike ya kasa kunne. Ya san in ƙugin yana nan sa'ad da na'urar take kashe, ya kuma ɗauke da an kunna ta, yawanci boris ɗin fulin ne ya cinye. In tsuwa ce, wataƙila bel ne ya saki. Amma in ƙwanƙwasa ce daga ciki bayan an kunna, to, kwamfaresar ce da kanta. A motar nan kuwa, boris ne kawai, gyara mai araha.

To, in ya yi shiru ya canza duka, ya yi ƙarya? Wani zai ce a'a, ai mai mota ne ya nema da bakinsa. Ban yarda ba. Mutumin ya faɗi haka ne cikin rashin sani, abin da ya kawo shi garejin kuwa kunnen bakanike ne. Wanda ya ɓoye abin da kunnensa ya ji, ya ci amana, ko da bai buɗe baki ba.

Gaskiya ne, ribar ranar za ta ragu, ga kuɗin haya, ga yara masu koyon aiki suna jiran na abinci. Duk da haka, abin da ya wajaba ya faɗa gajere ne: "Ɗan'uwa, zo ka saurara, boris ne."