Wanda ya ga tsaga ya yi shiru

Ranar 28 ga Afrilu 1988, jirgin kamfanin Aloha ƙirar Boeing 737 ya tashi daga Hilo zuwa Honolulu a Amurka. Yana sama rufinsa ya yaye, iska ta fizge ma'aikaciya ɗaya. Ƙarfen ne ya gaji: ya yi tashi da sauka kusan sau dubu 90, ƙananan tsaga suka haɗe a bakin ƙusoshi, masu duba jirgin ba su gano ba. Abin da ya tsaya min a rai, wata fasinja ta ga tsaga tun wajen shiga, ta yi shiru.

Har zan zarge ta sai na tuna kaina. Kwanaki na hau motar haya daga Funtuwa zuwa Malumfashi, but ɗinta shaƙe da masara. Na ga tayar baya ta suɗe har zare ya fito. Na yi addu'ar tafiya, ban ce wa direba uffan ba, wai kar a ce liman ba shi da tawakkali.

'Yan uwa, da ta fashe wajen Bakori, ƙaddara za a ce, kuma gaskiya ne. To amma ni da na gani fa, ba za a tambaye ni ba? Mu bakwai ne a motar, har da mai goyo.