Gumin Lebura Ba Ya Bin Ruwa

'Yan'uwana ma'aikata, masu fita tun duku-duku su dawo bayan magariba, ku ba ni aron hankalinku. Akwai wata hanya a Turai da nake so ku ji labarinta, domin duk wanda yake ci da guminsa yana da rabo a cikinsa.

Sunanta Vennbahn. Ta tashi daga birnin Aachen na Jamus, ta ratsa gabashin Beljiyam, ta tuƙe a garin Troisvierges da ke arewacin Luksamburg, tsawon kilomita 125. Tana bi ne ta tsaunukan Eifel da Ardennes, ƙasar tuddai da kwazazzabai da kurmi mai duhu, inda sanyi da hazo suke daɗewa ba su tafi ba. A mafi yawan tsawonta ba a yarda mota ko babur su hau ba. Ta masu keke ce da masu tafiya a ƙasa. Za ka ga dattijo mai furfura ya ɗaure jakunkunansa a kariya ya kama tafiyar kwana biyu ko uku. Za ka ga uwa tana jan jaririnta a ɗan akwati mai ƙafa da aka maƙala a bayan kekenta, yayansa na gaba yana tangaɗi yana koyon riƙe kan keke. Babu hon, babu hayaƙi, babu fargabar tirela za ta taso daga baya.

Ga abin da zai ba ku mamaki. Ƙasar tsaunuka ce, amma hanyar ba ta da hawa mai karya gwiwa. Daga Aachen tana haurawa har ta wuce mita 500 a wajajen Sourbrodt, a gefen tudun Hohes Venn, inda wuri mafi tsayi a duk Beljiyam yake, wato Signal de Botrange mai mita 694. Duk da haka, kusan ko'ina hawan bai wuce kimanin mita 2 a cikin kowace mita 100 ba. Mutum yana taka feda yana hira da abokin tafiyarsa, sai ya waiwaya ya hangi kwari can ƙasa, bai ma san lokacin da ya hau ba.

To, wa ya kwantar da dutsen? Leburori ne.

Asalin hanyar layin dogo ne. Gwamnatin Prussia, wani yanki na Jamus a wancan lokaci, ce ta sa aka gina shi. Jirgi ya isa garin Monschau a 1885, ya isa garin St. Vith a 1887, aka haɗe da Troisvierges a 1889. Aikinsa shi ne kai kwal daga yankin Aachen zuwa masana'antun ƙarfe na Luksamburg, ya dawo da tama. Ƙafar jirgi ƙarfe ce a kan ƙarfe, in hawa ya yi tsanani sai ta riƙa sulɓewa, balle da taragu maƙare da kwal. Don haka tilas aka lallaɓa ƙasar. Inda tudu ya tare, a yanka shi. Inda kwari ya buɗe baki, a cike shi ko a ɗora gada. Inda dutse ya ƙi, a huda shi. Da diga da shebur da baro da nakiya aka yi mafi yawan wannan aiki, cikin ruwan sama da laka da ƙanƙara. Dogayen gadoji irin na Rollefbach kusa da Aachen da Reichenstein kusa da Monschau suna nan tsaye har gobe, kekuna na wucewa a kansu. Wanda ya tura baro ya zuba ƙasar nan, babu allon da ke ɗauke da sunansa. An biya shi ladan yini, ya koma gida da kanta a tafin hannu.

Sannan masifu suka yi ta biyo juna. Bayan yaƙin duniya na farko, yarjejeniyar Versailles ta 1919 da shata iyakar da ta biyo baya suka miƙa layin ga Beljiyam, har da inda ya ratsa cikin Jamus. Shi ya sa har yau akwai gutsattsarin ƙasar Jamus guda 5 da siririn filin layin ya raba da uwar ƙasa, ƙaraminsu, Rückschlag, gida ɗaya ne da lambunsa. Sabbin iyakoki da kuɗin fito suka rage wa jirgin kaya. Yaƙin duniya na biyu ya zo ya farfasa gadoji, kuma a watan Disamba na 1944 ruwan bama-bamai ya mayar da garin St. Vith kufai. Bayan yaƙi motoci suka ƙwace fasinja da kaya. A shekarun 1990 aka gwada jiragen 'yan yawon buɗe ido, su ma suka tsaya. Daga ƙarshe aka zo aka kwashe mafi yawan ƙarafunan dogon. Duk wanda ya tsaya a wurin a lokacin, ya ga ciyawa ta rufe tsakuwa, zai rantse cewa wahalar mutanen nan ta tashi a banza.

Ba ta tashi a banza ba! An iya kwance ƙarfe, an iya ɗauke katako, amma babu mai iya ɗauke shimfiɗar da leburori suka daidaita. Tana nan kwance cikin kurmi, ba ta zaizaye ba, domin tun farko an yi ta da gaskiya. Da hukumomin ƙasashen uku suka haɗa kai, tare da tallafin Tarayyar Turai, sai suka tarar an riga an yi musu mafi wuyar aikin tun fiye da shekara 120. Suka gyara gadoji, suka shimfiɗa kwalta, aka buɗe hanyar keken a 2013. Ɓangaren Beljiyam yana cikin tsarin RAVeL da yankin Wallonia na ƙasar ya kafa a 1995, wanda ya mayar da tsofaffin layukan dogo da hanyoyin bakin ruwa, inda a da dawakai ke jan jiragen kaya, suka zama hanyoyin keke da ƙafa sama da kilomita 1,400.

Ku dubi abincin da ya fito daga ciki. Mai ba da hayar keke ya samu, mai faci da gyaran sarƙa da burki ya samu, mai masauki da mai gasa burodi sun samu. Wasu tsofaffin tashoshi da taragu sun zama wuraren cin abinci. Monschau, garin masaƙa da ya yi tashe da tufafin ulu a ƙarni na 18 kafin sana'ar ta durƙushe, yau baƙi ne ke cika lungunansa. Tsakanin Kalterherberg da Sourbrodt an bar dogon yadda yake, iyalai na hawa ƙananan kekunan dogo suna takawa da ƙafa. Hatta ramin da aka huda a dutse kusa da iyakar Luksamburg bai zauna haka nan ba: jemagu sun mayar da shi gida, aka karkatar da hanyar keken aka bar musu.

Yanzu na dawo kanku. Kai birkila, da za a shafe jerin bulonka da filasta ba wanda zai ƙara ganinsa, jera shi a kan igiya. Kai makanike, ɗaure notin da mai mota ba zai taɓa leƙawa ya gani ba. Ke malama mai fama da yara cunkushe a aji, ke tela mai kwana a kan keken ɗinki, kai manomi mai haƙa rijiyar lambu, ba ku san wanda zai ci moriyar aikinku ba, su ma leburorin Vennbahn ba su taɓa mafarkin jikokin jikokinsu za su yi shawagi a kan keke inda suka zubar da gumi ba. Na Allah shi ne sanin gobe, naku shi ne inganta na yau.

Kai kuma da masana'antarku ta rufe, ko inji ya karɓe sana'ar da ka gada, kada ka zauna ka yi tagumi. Abin da aka kwashe maka ƙarfe ne da katako. Iya aikin da ke hannunka, saba wa jiki tashi da asuba, amanar da unguwa ta san ka da ita, waɗannan babu mai kwance su. A kansu za ka ɗora sabuwar sana'a. In kiɗa ya sauya, rawa ma sauyawa take yi.

Kada kuma ƙanƙantar ci gaba ta sa ka raina kanka. Mita 2 cikin 100 ce ta haurar da jirgin kwal kan tsauni. Ɗan zubin adashen mako, kayan aiki guda da ka ƙara bana, yaron da ka yaye ya buɗe nasa shago, duk hawa ne. Sannu ba ta hana zuwa.

Inganta aiki ba ya nufin yin shiru a kan haƙƙi. Ma'aikaci ya cancanci a biya shi kafin guminsa ya bushe, ya cancanci ranar hutu, ya cancanci hanyar da zai hau kekensa ya je aiki ya dawo wa iyalinsa da ransa. Ku nemi waɗannan da murya ɗaya a ƙungiyoyinku, domin ƙarfe ɗaya ba ya amo.

Gobe da asuba ku tashi da ƙarfinku. Ku ɗauki diga, ku ɗauki almakashi, ku ɗauki alli. Ku yi aikin da ko shekara ɗari ta wuce, wanda ya zo ya duba zai ce lalle nan an yi aiki. Allah ya sa albarka a hannuwanku, ya ba ku lafiyar nema, ya sa ku ci moriyar wahalarku tun kuna raye.