Saƙon Yesse da Roƙon Bulus



Tun daga 1990, sa'ad da sojojin ƙasarmu suka tafi Laberiya ƙarƙashin ECOMOG, har zuwa fagen daga na Borno da dazuzzukan Zamfara, iyaye ba su daina tambaya ba: me za mu aika wa ɗanmu?

Yesse ya aiki Dawuda sansani da soyayyen hatsi, da gurasa goma domin 'yan'uwansa, da cuku goma domin shugabansu, ya kuma umarce shi ya komo da labarinsu (1 Sama'ila 17). Bulus kuwa, yana kurkuku, ya roƙi Timoti ya kawo masa alkyabbarsa da littattafansa (2 Timoti 4). Jiki da ruhu duka suna da hakki.

Saboda haka ku zaɓi abin da ba ya lalacewa a hanya: kilishi, ƙuli-ƙuli, garin kwaki, sabulu, safa, da man shafawa domin hunturu. Littafi ya zama ƙarami, mai shiga aljihu: Sabon Alkawari da Zabura, ga rosari, ga kuma littafin hikayoyi mai ɗebe kewa. Ku ƙara yawan guzurin, gama a rami ɗaya yake kwana da ɗan'uwansa Musulmi, akushinsu ɗaya.

Kada ƙunshi ya tashi ba wasiƙa. Soja yakan jure yunwa. Abin da ke karya zuciyarsa shi ne zaton an manta da shi.

Ubangiji ya komo mana da su lafiya. Amin.