Gayyar Gini a Ƙasar Gummi



Ba mu manta da daminar 2024 ba. Cikin watan Agusta aka yi ruwa mai ƙarfi a ƙasar Gummi, ruwa ya shiga gari, gidajen ƙasa suka jiƙe daga tushe suka zube. Gwamna Dauda Lawal ya je ya gani da idonsa, hukuma kuwa ta ƙidaya gidaje fiye da 10,000 da abin ya shafa. Ba a gama share hawaye ba, sai ga shi cikin watan Satumba jirgin ruwa ya kife da manoma kusa da Gummi, mutane da yawa suka rasu. Mu da mu ke zaune a Anka da Bukkuyum, gulbin Zamfara ɗaya ne ya ratsa ƙasarmu da tasu. Abin da ya sami Gummi ba ya nesa da ƙofarmu.

Mun yi addu'a, mun tara baiko, wannan daidai ne. Amma buhun hatsi ya kan ƙare, bango kuwa ba ya tashi da kansa. Mai ƙarfi ya sāke gina ɗakinsa. Gwauruwa fa, da tsoho marar ɗa, wa zai kwaɓa musu ƙasa? Kowace damina ta kan bar irin waɗannan a kango.

Bari mu buɗe littafin Nehemiya sura 3. Ganuwar Urushalima tana rushe, mutane suka raba aiki, kowane gida da nasa yanki. Firistoci suka yi gini, maƙeran zinariya suka yi, masu yin turare suka yi. Shallum, mai mulkin rabin Urushalima, ya fito tare da 'ya'yansa mata. Galibinsu ba magina ba ne, duk da haka sura 6 ta gaya mana cikin kwana 52 aka gama. Amma akwai abin baƙin ciki a aya ta 5 ta sura 3: manyan Tekowa suka ƙi sa hannu. Har yau ana karanta ƙinsu. Da za a rubuta labarin ekklesiyarmu, a wane gefe za a sa mu?

Wannan aiki ba baƙo ba ne gare mu. Kakanninmu sun san gayya, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A wasu ƙasashe ma haka ne. A 1950, 'yan makarantar Lahadi na ekklesiyar Menonait a jihar Kansas ta Amurka suka yi shawara su riƙa taimakon waɗanda masifa ta auka wa, daga nan ƙungiyarsu ta agaji ta fara. Sa'anda guguwar Katrina ta bugi birnin New Orleans a watan Agusta na 2005, ruwa ya rufe yawancin birnin, mutane fiye da 1,000 suka mutu. Shekara da shekaru masu bi suka yi ta zuwa ƙungiya ƙungiya, kowa ya ba da mako ɗaya, suna kwana a ɗakunan sujada, suna gyara gidajen mutanen da ba su taɓa gani ba.

Wani zai ce, "Ai yawancin waɗanda gidajensu suka rushe Musulmi ne." Gaskiya ne. Amma ruwan bai tambayi addinin kowa ba kafin ya shiga. Cikin misalin da Ubangijinmu ya bayar a Luka sura 10, Basamariyen bai binciki asalin wanda ya iske kwance a hanya ba. Kada kuma mu mai da tubali abin ciniki, mu ce sai ka saurari wa'azi kāna mu rufa maka ɗaki. Wanda ya yi haka ya ɓata kyautarsa, ya ɓata shaidarsa kuma.

To, ga shawararmu ga dattawan kowace ekklesiya.

Na fari, a je da rani, bayan an kai amfanin gona gida, domin tubali ya bushe sarai kafin a ɗora shi.

Na biyu, kada a shiga gari kamar masu gari. A fara gaida sarki da mai unguwa, su nuna gidajen da suka fi bukata. A yi aiki ƙarƙashin maginin garin, a biya shi ladansa. Mai gida ne zai faɗi inda ƙofarsa za ta duba.

Na uku, kada a mai da gida inda ruwa ya ɗauke shi. A guji fadama, a ɗaga tushe da dutse ko bulon siminti, a yi yaɓe da makuba, a sa indararo mai tsawo domin ruwa ya zuba nesa da gindin bango.

Na huɗu, a lura da wurin haƙar ƙasa. Mun tuna da gubar dalma ta 2010, wadda ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Abare na ƙasar Anka, da Yargalma ta ƙasar Bukkuyum. Ƙasar wurin da aka niƙa dutsen zinariya ba ta gini ba ce, kada ta shiga ɗakin da yaro zai yi rarrafe.

Na biyar, mun san 'yan bindiga sun addabi hanyoyinmu. A nemi labarin hanya, a yi tafiya da rana, a tafi da guzuri domin kada mu zama kaya ga waɗanda muka je taimako.

Wanda ba ya iya tafiya, bari ya ba da azara ɗaya, ko kwanon rufi ɗaya, ko ya riƙe gonar ɗan'uwansa har ya komo. Zumuntar mata su ɗebi ruwa su dafa abinci, samari su taka ƙasa.

Ya ku ƙaunatattu, Ubangijinmu Yesu Kristi ya yi aikin sassaƙa a Nazarat, ya kuma yi zamansa a duniya ba shi da wurin sa kansa. Ya san zafin rashin ɗaki. Rani ba ya jiran kowa, hadari zai sāke haɗuwa a gabas. Bari kowace ekklesiya ta zauna ran Lahadi mai zuwa, ta rubuta sunayen masu tafiya.

Allah ya ba mu zuciyar aiki, ya kiyaye fitarmu da komowarmu. Amin.